Zauren Labari

Akwai wani aiki da malaman koyar da fim ke son bai wa ɗalibansu tun karatu bai yi nisa ba, wanda in ka ji shi da kunne sai ka ce babu abin da ya fi shi sauƙi. Farkon fim kawai ake nema, wato abin da mai kallo zai gani daga haskawar allo zuwa cikar minti biyu, haɗe da sunan fim ɗin da sunayen waɗanda suka yi shi. A manhajar Cambridge ta nazarin kafafen watsa labarai, wadda 'yan manyan azuzuwan sakandare ke bi a ƙasashe da dama, ƙa'idar a rubuce take: kada ya wuce minti biyu, kada 'yan rukuni su wuce huɗu, kuma a adana shaidar bincike da shirin da aka yi kafin a taɓa kyamara. Ɗalibin da ke karatun fim ko aikin jarida a nan gida, ko a Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa da ke Jos yake, ko a Jami'ar Bayero ta Kano, ko a Ahmadu Bello ta Zariya, shi ma ba zai rasa cin karo da ɗan'uwan wannan aiki ba: gajeren abu da za a ɗauka da kayan aro, cikin 'yan makonni, da kuɗin da aka harhaɗa daga aljihun juna.

Da an fito daga aji sai murna. "Minti biyu? Ai ko gobe ma sai mu gama." Mai sabuwar waya ya ce tasa ta isa, wani ya ce abokinsa na da ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama, wata ta ce ita ce jaruma. Babu mai tambayar labarin wa za a bayar. Ni kuwa a ganina, cikin duk ayyukan da ake ɗora wa mai koyo da wuya a samu wanda ya kai wannan tona asiri. Fim na tafiya da hoto 24 a kowace daƙiƙa, minti biyu ke nan hoto 2,880, kuma babu ko ɗaya da ya faɗo daga sama. Wani ne ya ce a kafa kyamara a nan, wani ne ya ce jarumi ya kalli can, wani ne ya bar bokitin roba a bayansa ko ya kawar da shi. A dogon fim rauni na iya ɓuya a bayan waƙa ko faɗa ko hawayen jaruma. A minti biyu babu maɓoya.

Abin da ya fi kama da wannan aiki a rayuwarmu shi ne zaure. Duk wanda ya tashi a tsohon gari, Kano ko Katsina ko Zariya ko Damagaram, ya san yadda magina ke tsara shi. Ƙofar da ke kallon hanya da wadda ke shiga cikin gida ba sa fuskantar juna. An karkatar da ta biyun gefe, yadda mai wucewa ko baƙon da ya yi sallama ba zai hango tsakar gida ba, a wasu gidajen ma sai an ratsa shigifa kafin a kai ga mata da yara. Amma duk da wannan sutura, baƙon da ya ɗan zauna a zaure ya riga ya san abubuwa da yawa. Alluna a jingine da kurtun tawada a lungu sun gaya masa gidan malami ne. Sirdi da linzami a rataye sun ce akwai doki a ciki. Ya ga ko tabarmar sabuwa ce ko ta mutu, ya ga ko an yi shara, ya ji ko muryar da ta amsa sallamarsa ta fito da fara'a ko da ƙyar. Bai ga gidan ba, amma ya san irin gidan, har ya fara ƙagara ya ga mai shi.

Abin lura a nan shi ne magini ba ya iya yanke inda ƙofar ciki za ta zauna sai ya san inda tsakar gida take, ina turaka, ina ɗakunan mata, ina rijiya. Sanin abin da za a suturta shi ke nuna masa wajen da zai karkatar da ƙofa. Ɗalibin da aka ce ya yi farkon fim, zauren gidan da ba zai taɓa ginawa ba aka sa shi ya gina, kuma tilas ne ya san gidan nan ɗaki-ɗaki. Ya san yadda labarin zai ƙare, ya san abin da jarumi ke ɓoyewa, ya san abin da ya same shi shekaru kafin allo ya haska. Kusan duk wannan ba zai fito a minti biyun ba. Amma shi zai zaɓa masa abin da zai fito.

Wanda bai san gidan ba, aikinsa ne ke fallasa shi. Allo zai haska a kan waya tana ƙara, hannu ya fito daga bargo ya kashe ta, jarumi ya tashi ya yi miƙa, ya goge baki, ya sa riga, ya fita. Minti biyu sun cika, abin da muka sani game da shi bai wuce yana barci yana tashi kamar kowa ba. Ko kuma a fara da hoton gari daga sama, gadoji da motoci da kiɗa mai tada hankali, sannan wata murya ta ce sunana wane, an haife ni a gari kaza. Akwai kuma waɗanda suka san labarin amma tsoro ya hana su riƙe shi. A cikin minti biyun nan za a yi soyayya, a ci amana, a yi kisa, 'yan sanda su iso. Tallar fim suka yi, sun ɗauka farkonsa ne. Na fi tausaya wa waɗannan, domin suna da abin faɗa. Abin da suka rasa shi ne yarda da cewa mai kallo zai jira.

Duk mai shakkar cewa mai kallo na da haƙurin jira da basirar ganewa, ya nemi fim ɗin Rear Window na Alfred Hitchcock, na shekarar 1954, ya kalli farkonsa. Labulen tagogi ya ɗaga, kyamara ta leƙa tsakar gidajen haya a safiyar zafi, ta zaga kan maƙwabta, ta dawo kan goshin wani mutum yana barci yana gumi. Daga nan ta sauka kan ƙafarsa, tana cikin farin simintin ɗori na asibiti, shi kuma yana kan keken marasa lafiya. Ta wuce kan wata kyamara da ta farfashe, sai hoton motar tsere a daidai lokacin da ta yi hatsari, sai wasu hotuna na wuraren tashin hankali, sai tarin mujallu. Ba ɗan wasan da ya ce uffan, amma mun san sana'ar mutumin, mun san yadda ya karye, mun san ya saba da yawo da kasada, ga shi an ɗaure shi a bakin taga ba abin yi sai kallon mutane. Duk fim ɗin a kan wannan kallon ya ginu. Kowane abu da kyamarar ta bi ta kansa, wani ne da ya san ƙarshen labarin ya ajiye shi a wurin.

Wani zai ce ai wannan Amurka ce, da kuɗi da kayan aiki. To ga na kusa. A 1963 Usman Sembene na Senegal ya yi Borom Sarret, gajeren fim na kimanin minti 20 a kan wani mai keken doki a Dakar. Da kiran sallar asuba aka buɗe shi, mutumin ya yi salla, ya roƙi Allah ya tsare shi, ya ja dokinsa ya fita nema. In ka duba, shi ma farkon ranar mutum ne, kamar na ɗalibinmu mai waya da bargo. Bambancin shi ne Sembene ya san yammacin ranar. Ya san kafin faɗuwar rana wani mai tsaf-tsaf zai sa mutumin nan ya shiga unguwar masu hali inda aka hana keken doki, ɗan sanda ya ƙwace keken, ya koma gida hannu rabbana. Saboda haka addu'ar asubar nan na ɗauke da nauyin duk abin da zai biyo baya. Ba laifi ba ne a fara da tashin jarumi daga barci, matuƙar wanda ya tashe shi ya san abin da ranar ta tanadar masa.

Bari mu sauko kan tabarmar ɗalibai. A ce su huɗu sun zauna, bayan doguwar gardama sun tsaya a kan tela mai ɗinkin mata a daren jajiberin Salla. Zaɓi ne mai kyau. Kowa ya taɓa tsayawa a kan tela yana jiran kayansa, kuma lokaci na gudu da kansa ba sai an tura shi ba, domin gari zai waye a tafi Idi ko an gama ko ba a gama ba. Sai dai wannan yanayi ne kawai, bai zama labari ba tukuna. Tambayar da za su yi ta jefa wa juna ita ce, me ke damun wannan telan wanda ya wuce abin da ke damun sauran teloli a daren nan? A nan ne mai riƙe da biro za ta ce: shekara biyu ke nan da ya rabu da matarsa, ta koma gidansu da 'yarsu ƙarama, tun lokacin bai sa yarinyar a ido ba. Ya ƙudura bana zai kai mata kayan Salla da hannunsa. Ba shi da kuɗin yadi, sai ya rage daga leshin wata Hajiya da ta kawo ɗinki. Daga nan sai su bi labarin har ƙarshensa, ko da baki ne. Hajiya za ta gane? A ina za ta gane? Zai kai rigar? Uwar yarinyar za ta karɓa? Sai sun amsa waɗannan, sun rubuta amsar a shafi guda sun ajiye, sannan su waiwayi minti biyunsu.

Ga abin da zai iya fitowa. Allo baƙi, ba a ganin komai, sai ƙarar keken ɗinki. Sannan hasken fitila mai caji, ƙafa a kan feda tana aiki ba tsayawa. Tarin kaya a gefe, kowanne da 'yar takarda an soke ta da fil, ɗauke da sunan mai shi da awonta. Waya a kife a kan tebur tana ta girgiza, tela bai ko kalle ta ba. Wani yaro ya leƙo.

"Malam, Hajiya ta ce in tambaya ko an gama."

"Ka gaishe ta. Ka ce mata bayan sallar asuba, in sha Allahu."

Yaro ya tafi. Tela ya saurara har takunsa ya ɓace, ya tura ƙofa, ya jawo wata leda daga ƙarƙashin tebur. 'Yar riga ce ƙarama, ba takarda a jikinta, kuma zanenta ɗaya da leshin da ke rataye a bayansa. Ya ɗauki tef ɗin awo zai yanke tsawonta, sai ya tsaya. Ya miƙe, ya sa tafin hannunsa a daidai cinyarsa, inda kan ƙaramin yaro zai kai. Ya yi jim. Ya ɗaga hannun sama kaɗan. Sai sunan fim ya fito.

Ku dubi ɗaga hannun nan. Babu yadda za a yi ya faɗo wa wanda bai san da shekaru biyun rabuwar ba. Daga labarin da aka rubuta aka ajiye ya fito, kuma shi kaɗai ya isa ya gaya wa mai kallo cewa akwai wata yarinya da mutumin nan ke so, wadda ya daɗe bai gani ba har bai san inda tsayinta ya kai ba. Ba a ambaci saki ba, ba a nuna tsohon hoto ana share hawaye ba. Mai kallo ya san sana'a, ya san dare, ya san an yi abin da bai kamata ba da kayan mutane, kuma zuciyarsa ta riga ta karkata ga wanda ya yi. Abin da bai sani ba shi zai zaunar da shi.

Bayan an samu wannan, sauran shiri aikin takarda ne, kuma a nan ɗalibai suka fi gajiya. Rubutun fim yana da ma'auni da aka daɗe ana amfani da shi, shafi ɗaya kusan minti ɗaya, don haka in rubutunsu ya kai shafi biyar sun san akwai yanka tun kafin su fita. Sai zanen labari, inda ake zana kowace ɗauka a cikin ɗan akwati kamar littafin barkwanci. A kamfanin Disney aka raya wannan dabara a farkon shekarun 1930, ta bazu har ta zama ruwan dare. Ba sai an iya zane ba, da'ira da sanduna huɗu sun isa mutum. Amfaninsa shi ne a yi rigima a kan takarda, inda gogewa ba ta cin ko sisi. A kan zanen ne mai kyamara zai lura cewa in ana so a gane leshin da 'yar rigar ɗaya ne, dole su haɗu a hoto guda, kuma dole zanen yadin ya zama mai ɗaukar ido ko a hasken fitila. A kansa ne za a tuna ƙa'idar layi: in tela na kallon dama yaro na kallon hagu, kyamara ta tsaya a ɓangare ɗaya na layin da ke tsakaninsu, domin in ta tsallaka sai a ga su biyun suna kallon waje ɗaya kamar ba da juna suke magana ba. Daga zanen kuma ake fitar da jerin ɗauka, wanda ba ya bin tsarin labari, yana bin inda kyamara ke zaune. Duk abin da ke fuskantar ƙofa a ɗauke shi a zama ɗaya, a sallami yaro ya tafi gida, sannan a juyo kan tebur.

Akwai shirin da takarda ba ta iya yi, sai ƙafa. A je shagon a daidai lokacin da za a yi ɗauka, a zauna shiru a saurara. Shagon da ya yi tsit da hantsi, da magariba janaretan maƙwabci na iya hana a ji ko da sallama. Ga rediyon mai shayi, ga injin markaɗe, ga hon ɗin Adaidaita Sahu. Mai kallo na yafe wa hoto mai ɗan duhu, amma maganar da ba ya ji ba ya yafe mata, zai tashi ne kawai. Maganin ba shi da tsada. A sa wata wayar daban kusa da bakin mai magana tana naɗar murya, a tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara kafin kowace ɗauka don edita ya samu inda zai daidaita hoto da sauti, a naɗi ƙarar keken ita kaɗai, a kuma naɗi minti guda na shirun ɗakin don cike giɓi. Kiɗa kuwa, shawarata a bar na mutane. Ɗauko kiɗan fim ɗin Indiya ko waƙar wani ba da izini ba hakkin wani ne, kuma YouTube na da na'urar da ke gane shi. A wannan labarin ma keken ɗinki ya wadatar, gudunsa da tsayawarsa sun fi kowane kiɗa faɗin halin da tela ke ciki.

Dare ma ba sai an jira shi ba. Kyamarar waya na shan wahala a duhu, hoto ya fito da ƙura-ƙura, kuma a cikin su huɗun akwai wadda gida ba za a bar ta ta kai goma na dare a waje ba, balle yaron da aka aro. Tunda duk abin a cikin shago yake, sai a toshe taga da bakin ƙofa da baƙin ƙyalle da rana tsaka, a kunna fitilu fiye da yadda za a gani a hoto, dare ya samu. Mai wannan dabarar ya san abokan aikinsa da halin gidajensu, kuma wannan sanin ma shiri ne.

Sai batun mutane, wanda a wurina ya fi duk sauran nauyi. Shagon nan na wani ne, da shi yake ci da iyalinsa. Ɗalibin da ya je masa ana saura kwana uku Salla da roƙon aron shago bai san tela ba, kuma bai cancanci ya ba da labarin tela ba. A bari sai bayan Salla, lokacin da keke ya huta. A je da ladabi a ce, "Baba, mu ɗalibai ne, malaminmu ya ba mu aiki, muna roƙon ka ara mana shagonka na rabin yini." Sannan a gaya masa gaskiyar labarin, cewa telan cikin fim ɗin ya rage yadin mai kaya. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a sana'ar da aka daɗe ana yi wa irin wannan zargi. In aka ɗauka a shagonsa da allon sunansa a bango, gobe wani ya gani a waya, sai a ce ai shagon wane ne. Hakkinsa ne ya sani, ya yarda ko ya ƙi, kuma in ya yarda a rufe duk abin da zai sa a gane wurin. A leƙa wajen mai unguwa a ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da ke tafe da mu," don kada a ga baƙin fuska da kyamara a ɗauka wani abu ne. A nemi iyayen yaro, ba yaron kaɗai ba. Wanda ya bi ta wannan hanya sau da yawa yakan samu fiye da abin da ya roƙa. Jarumin da bai taɓa taka feda ba, duk wanda ya san ɗinki zai gane shi a daƙiƙa ɗaya, amma in Baba ya ji an girmama shi, ƙafarsa da hannunsa za su iya tsaya wa jarumin a ɗaukar kusa, har ya gyara musu yadda ake riƙe almakashi.

Sunaye su ne abin da ake bari sai ƙarshe, a liƙa su ko'ina, alhali suna cikin aikin tun daga umarnin malami. Inda suna ya faɗo na iya kashe hoto. Fim ɗin Touch of Evil na Orson Welles, na 1958, ya buɗe da ɗauka guda ta fiye da minti uku ba yankewa: an dasa bam a bayan mota, kyamara ta bi motar cikin jama'a, mai kallo na jiran fashewa. Kamfanin da ya fitar da fim ɗin ya jera sunaye a kan wannan ɗauka, sai a 1998 aka sake haɗa shi bisa doguwar wasiƙar da Welles ya bari, aka cire su, mutane suka ga abin yadda ya nufa. Mu ma muna da namu gadon. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, finafinan Hausa a kaset suka girma, daga baya faifai. Wanda ya sayi kaset ko ya karɓo haya ya riga ya biya, don haka zai zauna ya sha tallar wasu finafinai da dogon jerin sunaye da godiya kafin labari ya soma. Wannan zamanin ya wuce. Mai kallon yau yatsansa na kan allo, har YouTube kan nuna wa mai tasha yawan waɗanda suka rage bayan daƙiƙa 30 na farko. Ɗalibin da ya cinye daƙiƙa 30 ɗin nan a kan tambarin kamfanin da bai wanzu ba, yana juyawa yana walƙiya, ya ba da rubu'in aikinsa a banza. A labarin tela, sunaye huɗu na iya fitowa ƙanana a kan baƙin allo yayin da keke ke ƙara, sunan fim kuma ya jira ɗaga hannu.

Ranar ɗauka, in an yi shiri, ba ta da wani dogon labari. Kowa ya san aikinsa: darakta, mai kyamara, mai sauti, da mai kontiniti wadda ke riƙe da takarda tana soke abin da aka gama. Wannan ta ƙarshen ita ake rainawa, ita ce kuma ke lura cewa tef ɗin awo na wuyan tela a ɗauka ta uku amma yana kan tebur a ta huɗu, ko wayar da aka kife ta koma a buɗe. Irin waɗannan ba a ganin su sai a gaban kwamfuta, lokacin da an riga an mai da wa Baba shagonsa.

In edita ya haɗa, kafin a kai wa malami, a nemi mutum biyu ko uku da ba su taɓa jin labarin ba, zai fi kyau ma waɗanda ba 'yan aji ba, kamar ƙanwar wani ko mai gadin makaranta. A kunna musu sau ɗaya, kada kowa ya yi bayani, ko da bakinsa na ƙaiƙayi. In ya ƙare a tambaye su wane ne wannan mutumin, me yake ɓoyewa, me suke jin zai faru. In suka ce tela ne ya saci yadi yana ɗinka wa wata yarinya, kuma suka tambaya 'yarsa ce, to aiki ya yi. In suka ce tela ne aiki ya yi masa yawa, ba su ambaci leshin ba, to haɗuwar rigar da leshin ba ta fito ba, ko haske ya yi kaɗan, ko ɗaukar ta yi gajarta. In suka lura da leshin amma ɗaga hannun ya wuce su, wataƙila kyamara ta yi nisa, ana bukatar ɗauka guda ta kusa. Shi ya sa tun ranar da aka je roƙon shago ake haɗawa da roƙon ƙarin awa ɗaya a mako mai zuwa, a kuma ajiye 'yar rigar da leshin da fitilar a leda guda har sai an miƙa aikin.